Darasi Na 12: Mene Ne Aikinka?

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ɗalibi zai iya:

1. rarrabe kalmomin da Hausa take kiran aiki da su, irin su sana'a, ƙwadago, jinga, gayya da ci-rani;
2. gane kalmomin Ingilishi guda bakwai da ake tararwa a takardu da kuma bakin masu ɗaukar ma'aikata, tare da takwarorinsu na Faransanci;
3. faɗin aikinsa daidai idan an tambaye shi, da baki ko a rubuce.

Karatu

Mu ɗauka wani magidanci ne ya taso daga ƙauyensu a ƙaramar hukumar Gangara, ya je ma'aikatar magajin gari domin a yi wa jaririnsa takardar haihuwa. Akawu ya rubuta sunan yaro da ranar haihuwa, sannan ya ɗago kai.

"Malam, mene ne aikinka?"

"Ni? Ai ba ni da aiki, ranka ya daɗe."

"To, da me kake riƙe da gida?"

"Da damina ina noma hatsi da wake, da ɗan aya a gefe. In an yi girbi sai in bi ƙauyuka ina sayen awaki, in kai kasuwar Gazawa. In rani ya yi tsanani kuwa, nakan tsallaka Katsina in yi wata uku ina ga-ruwa."

"Uwar yaron fa?"

"Ita ma ba ta aikin komai. Tana gida."

"Ba ta sayar da ko da gishiri?"

"A'a, mai kawai take yi da ƙuli-ƙuli, yara su kai talla. Jajayen awakin nan biyar da ke gidan ma nata ne."

Akawu ya ajiye alƙalami ya ce, "Malam, yanzun nan ka lissafa mini ayyuka biyar, uku naka, biyu na maiɗakinka. Wanne zan rubuta?"

Bayani

Wannan magidanci bai yi ƙarya ba. A kunnensa, idan ma'aikacin hukuma ya ce "aiki", abin da yake nufi shi ne ofis da albashin ƙarshen wata. Tun zamanin Turawa kalmar ta fara ƙuntata haka, har aka ware wasu mutane aka ce su ne ma'aikata, kamar sauran jama'a zaman banza suke yi. Alhali wanda ya duƙa da hauya tun hantsi har azahar, shi ne ake wucewa ana ce wa "sannu da aiki", ya amsa da "aiki da godiya".

Domin kada mu faɗa cikin wannan ruɗu, akwai tambayoyi uku da za mu riƙa yi wa kowace kalmar aiki, ko da wane harshe ta zo:

Na wa ne aikin?
Har yaushe zai kai?
Me ake samu idan an gama?

Kashi na ɗaya: kalmominmu na gida

Aiki ita ce uwa. Duk abin da mutum ya sa ƙarfinsa ko hankalinsa ya yi, aiki ne: noma, daka, ɗiban ruwa, karatun allo, jinyar mara lafiya. Sauran kalmomin duk ƴaƴanta ne.

Sana'a aiki ce da aka koya, aka iya, aka san mutum da ita. Tana da kayan aikinta, tana da ubangida da yaran shago, kuma takan ba mai ita suna: maƙeri, majemi, masaƙi, marini, wanzami, mahauci, baduku, magini. Wanda ya tarar da ita a gidansu ɗan gado ne, wanda ya shigo daga waje ɗan haye ne. Tsoffin sana'o'i har sarauta suke da ita, shi ya sa muke da sarkin maƙera, sarkin fawa, sarkin aski da sarkin noma. Wasu sana'o'in sun zo da sunayensu daga Ingilishi, suka zauna a bakinmu har muka manta baƙi ne: tela, kafinta, birkila, makanike, direba. Yau kuma ga gyaran waya, ga cajin waya da hasken rana, ga kabu-kabu. Sana'a ta mai ita ce, tana bin sa duk inda ya je, kuma ba a korar mutum daga cikinta.

Ko a gona ɗaya ma aiki iri-iri ne. Gandu gonar gida ce, maigida ke riƙe da ita, kowa ya sa hannu, hatsinta ya shiga rumbun da za a ciyar da gida. Gamana, wadda a wasu wurare ake kira gayauna, ita ce ƴar gonar da ake yankar wa mace ko saurayi, abin da ta bayar nasa ne. Hauya ɗaya ce, duƙawa ɗaya ce, amma tambayar farko ta raba su: na wa ne?

Ƙwadago shi ne sayar da ƙarfi. Gonar ta wani ce, ginin na wani ne, kai dai ka yi yini a biya ka. Ɗan barema da ke bin gonakin mutane da damina ƙwadago yake yi, haka ma lebura a wurin gini. Jinga ta ɗan bambanta: a nan ba a ƙirga yini, aikin ake yi wa kuɗi. A nuna maka gona a ce nawa za ka nome ta, ku daidaita, in ka ga dama ka gama a kwana biyu, in ka ga dama a kwana biyar. Aikatau kuwa an fi faɗar sa ga mata masu zuwa gidan wasu su yi sussuka, surfe, daka ko wanke-wanke a sallame su.

Gayya aiki ne da ba a biya da kuɗi. Mai gona ya gayyaci jama'a, a yi fura da tuwo, wani lokaci har da makaɗi, a taru a nome masa gona a yini ɗaya. Bashi ne na zumunci, ranar da aka yi gayyar wani shi ma zai ɗauki hauyarsa.

Ci-rani ba sunan wani aiki guda ba ne, sunan tafiyar ne da lokacinta. Ɗan ci-rani yana barin gida bayan girbi, ya nufi Maraɗi, Damagaram, Katsina, Kano ko Legas, wasu har Agadas da Libiya. Can zai yi duk abin da ya samu, ko dako, ko ga-ruwa, ko yankan farce, ko shayi, ko gadi. Da hadari ya fara haɗuwa sai ya juyo gida.

A saye da sayarwa ma akwai hawa-hawa. Ɗan kasuwa yana juya jarinsa. Falke yana fatauci daga gari zuwa gari. Ɗan koli yana kasa ƙananan kaya. Mai talla yana yawo da kaya a ka, sau da yawa kayan ma ba nasa ba ne. Dillali kuwa ba shi da akuya ko ɗaya a kasuwa, bakinsa da amanarsa su ne jarinsa.

Wanda yake son ya gane irin aikin da mutum yake yi, ya saurari sunan abin da ake ba shi. Ma'aikaci yana karɓar albashi, in ya tsufa ya karɓi fansho. Ɗan ƙwadago yana karɓar kuɗin yini. Dillali yana cin la'ada. Ɗan kasuwa yana cin riba. Ɗan aike yana samun tukuici. Wanda ya share masallaci ko ya taya haƙa kabari, lada yake nema wurin Allah. Kalma bakwai ke nan, ba wadda za ta zauna a gurbin wata.

Akwai kuma aikin da ba a fatan dawowarsa, wato aikin tilas na zamanin mulkin Faransa, lokacin da ake kwasar mutane daga ƙauyuka su yi hanya ko su ɗauki kaya ba da son ransu ba. Dokar da ta soke shi a ƙasashen da Faransa ta mallaka ta fito ne a watan Afrilu na 1946.

Kashi na biyu: kalmomin Ingilishi

Me ya kawo Ingilishi cikin ajinmu? Dalili biyu ne. Na farko, muna zaune kusa da iyakar Nijeriya, kuma duk wanda ya tsallaka neman abinci zai gamu da takarda ko allon sanarwa da Ingilishi. Na biyu, a watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta ce Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. Saboda haka kalmomin nan za su ƙara yawaita a gabanmu.

"Work" ita ce ta fi kusa da aiki. Ta haɗa kome, na kuɗi da wanda ba na kuɗi ba. Ba a ƙirga ta, kamar yadda ba a cewa ruwa ɗaya, ruwa biyu. Idan Bature ya ce "I have a lot of work", yana nufin aiki ya yi masa yawa. Takwararta a Faransanci ita ce "travail".

"Job" gurbi ne da wani ya ɗauke ka ka cike, yana biyan ka. Ana ƙirga ta, ana samun ta, ana rasa ta. Gadi a wani kamfani a Kano "job" ne. Ranar da aka sallame ka, ya ƙare. A Faransanci "emploi" ake cewa. A nan ne magidancinmu ya yi tuntuɓe. Abin da ba shi da shi "job" ne, amma "work" kam har ya fi ƙarfinsa. Mai neman a ɗauke shi aiki zai ce "I am looking for a job".

"Occupation" kalmar takarda ce, ba a cika jin ta a hira ba. Tana tambaya ne: da me ka fi shagala a rayuwarka? Manomi, makiyayi, ɗan kasuwa, ɗalibi, kowa yana da amsar da zai bayar. Ba a barin wannan gurbi fayau.

"Profession" a Ingilishi ta fi ƙunci. An fi faɗar ta ga aikin da sai an yi dogon karatu, an ci jarrabawa, an sami izinin hukuma, irin na likita, lauya, injiniya da malamin makaranta. A nan sai a yi hattara, domin Faransanci ma yana da wannan kalma da rubutu iri ɗaya, amma a takardunmu na Nijar tana nufin kowane irin aiki. Shi ya sa a takardar haihuwa ake rubuta "cultivateur", wato manomi, a gaban "profession". Abin da takardar Faransanci ta kira "profession", shi takardar Ingilishi take kira "occupation".

"Trade" tana da fuska biyu. Fuska ta farko sana'ar hannu ce da aka koya wurin ubangida, kamar kafinta, walda ko gini, abin da Faransanci ke kira "métier". Fuska ta biyu saye da sayarwa ne. Wanda ya ce "I am a trader" ɗan kasuwa ne. Wanda aka tambaya "What is your trade?" kuwa, sana'ar hannunsa ake son ji.

"Career" ana furta ta kusan kamar kalmarmu ta kariya, amma ba su haɗa ma'ana ba. Asalinta daga sunan hanyar da keken doki ke bi ne, kuma har yau ma'anarta ba ta rabu da hanya ba. Ita ce doguwar tafiyar da mutum ya yi a cikin aiki guda, daga farawa har gamawa. Malamin da ya fara koyarwa a makarantar ƙauye, ya zama darakta, ya zama mai duba makarantu, ya yi ritaya, ya riƙe "job" uku ko huɗu, amma "career" ɗinsa ɗaya ne. Turawa sun fi faɗar ta ga masu albashi, sai dai in muka duba da kyau, manomi ma yana da irin wannan hanya. Yana farawa da kai fura gona da korar tsuntsaye. Ya girma a yankar masa gamana. Ya yi aure, wata rana gandu ya dawo hannunsa. A al'adar ƙasar nan, wanda ya kai ga noma dami dubu har biki ake yi, a naɗa shi sarkin noma. Kuma ilimin hanyar bai tsaya ba. Manoman Ɗan Saga da ke yankin Agye sun yi suna wajen sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana yi musu aski maimakon a tumɓuke su, har baƙi suna zuwa daga nesa su ga yadda gawo da kalgo suka dawo gonakinsu.

Kashi na uku: abin da ake yi don sha'awa

Kalma ta bakwai ita ce "hobby". Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da ita, sai dai mu ce abin sha'awa ko abin ɗebe kewa. Asalinta daga sunan dokin wasan yara ne, ɗan'uwan dokin kara da yaranmu ke hawa suna sukuwa a tsakar gida. Ana nufin abin da mutum yake komawa gare shi a kai a kai idan ya sami sarari, yana jin daɗinsa, ba don a biya shi ba. Faransanci yana cewa "passe-temps" ko "loisir".

Rashin kalmar bai sa mun rasa abin ba. Dubi dattawan da ke zama gindin bedi bayan la'asar, sun haƙa gurabu a ƙasa suna dara, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa, ƴan kallo sun kewaye su kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Ba wanda zai tashi da ko dala, amma gobe ma za su dawo. Haka saurayin da ya jera tukwane a kan katanga yana kiwon tantabaru, ya san kowace da kamanninta, ya san wadda ta yi ƙwai da wadda ta ɓata. Haka matar da ke saƙa faifai mai ado domin jeren ɗakinta, da samarin da ke buga ƙwallo da yamma, da masu fita farauta da rani.

Barci da zaman hira ba su shiga wannan lissafi ba, su hutu ne. Abin sha'awa yana buƙatar a yi wani abu, a kuma ƙara gwaninta a kansa.

Tsakanin sha'awa da sana'a ƙofa a buɗe take. Ranar da mai tantabaru ya fara kai ƴan shila kasuwa duk mako, ya shiga sana'a. Mai faifai in ta fara karɓar kuɗin mutane tana yi musu, ita ma haka. Kokawa ce babbar shaida. A dandalin ƙauye bayan girbi wasa ce, samari suna yi don a san su. Amma tun 1975, da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokawa na farko, ta zama hanyar da wasu ke samun suna da dukiya. Ingilishi yana kiran mai yi don sha'awa "amateur", mai ci da abin kuma "professional". Tambaya ta uku ce ta raba su: me ake samu idan an gama?

Kashi na huɗu: yadda ake amsawa

Idan takarda ta tambayi aikinka, rubuta wanda ya fi ciyar da gidanka. Magidancin da muka karanta labarinsa manomi ne, da Ingilishi "farmer". In akwai gurbi na biyu, ya ƙara da sayar da dabbobi. Ga-ruwan da yake yi a Katsina na wata uku ne, ba shi ne sunansa ba.

Mata su fi kowa lura da wannan. Sau da yawa akan rubuta wa mace "ménagère" ko "housewife", wato matar gida, ba tare da an tambaye ta ba. Riƙon gida aiki ne babba, ba mai musu. Amma wadda take soya gyaɗa, ta kai inji, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli, ta ƙirga ribarta ta zuba adashi, tana da sana'a, kuma haƙƙinta ne a rubuta. Idan aka zo rabon bashin jari ko horon masu sana'a, takarda ake dubawa, kuma wadda aka rubuta ba ta yin kome, ita ake tsallakewa.

Tambayoyi

1. Waɗanne tambayoyi uku ne ake yi wa kalmar aiki?
2. Mene ne bambancin gandu da gamana?
3. Wani ya nome gona a kan jika goma, ba a ƙirga masa kwana ba. Ƙwadagon yini ya yi ko jinga?
4. Haɗa kowane mutum da abin da yake karɓa. Mutane: dillali, ma'aikaci, ɗan kasuwa, ɗan aike. Abin karɓa: riba, tukuici, la'ada, albashi.
5. Me ya sa manomi zai iya cewa ba shi da "job", amma ba zai ce ba shi da "work" ba?
6. Yaushe kiwon tantabaru yake tashi daga sha'awa ya koma sana'a?

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya zama akawu, ɗaya ya zama mai neman takarda. Akawu ya tambayi aikin damina, aikin rani da abin sha'awa, ya rubuta amsoshin a allo. Daga nan ku yi musanya.

Aikin gida

Ja layi biyu a littafinka, shafin ya rabu gida uku. A gida na farko rubuta sana'a, a na biyu ƙwadago, a na uku sha'awa. Bi mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, tsofaffi da matasa, ka rubuta abin da kowa yake yi a gidan da ya dace. Ka zo da shafin a darasi mai zuwa, za mu ƙirga ayyukan da ke cikin ajinmu baki ɗaya.

Kalma ga ɗalibi

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, hatsin da ke rumbu da man da ke kwalba ba da kansu suka zo ba. Daga yau, duk wanda ya tambaye ka aikinka, a ofis ne ko a bakin iyaka, kada ka sunkuyar da kai ka ce babu. Faɗi sunan sana'arka da bakinka, in an miƙo takarda kuma ka rubuta shi da hannunka.